Ƙaramar madatsar wutar lantarki: tambayoyin mutanen Jos da amsoshinsu

Jos da kewayenta sun san wutar ruwa tun kafin yawancin garuruwan ƙasar nan su ga ƙwan lantarki. Duk da haka, duk lokacin da aka ji labarin ambaliya a wani wuri, ko aka ce za a gina sabuwar madatsa a wani ƙauye, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa a majalisa da tasha da bakin kasuwa. Ga su nan, da amsoshin da suka dace da su.

Wace madatsa ake kira ƙarama?

Ana auna ta ne da yawan wutar da take bayarwa. A ƙasashe da yawa, duk tashar da ba ta wuce megawat 10 ba ƙarama ce, wasu kuma suna kai iyakar har megawat 30. A ƙarƙashin wannan akwai ƙanana ƙwarai da ba su kai megawat 1 ba, da waɗanda ba su kai kilowat 100 ba, irin waɗanda ke haska ƙauye guda ko asibiti da makaranta. Don ka ga tazarar, Kainji megawat 760 ce, Shiroro 600, Zungeru 700.

Injiniyoyi kuma suna da nasu ma'aunin na jikin ginin. A wurinsu babbar madatsa ita ce wadda tsayinta ya kai mita 15, ko wadda ke tsakanin mita 5 da 15 amma ta tare ruwan da ya haura kubik mita miliyan 3. Ke nan tasha na iya zama ƙarama a wajen wuta alhali bangon da ke tare mata ruwa babba ne. Wannan bambancin shi ya fi shafar wanda gidansa ke gangare.

Yaya ruwa yake zama wuta?

Ana tare ruwa a sama, a bi da shi ta magudana zuwa wani ɗan tafki da ke bakin gangara, daga nan ya faɗa cikin ƙaton bututun ƙarfe da ya miƙe zuwa ƙasa. Nauyin ruwan da ke cikin bututun shi ke juya farfela, farfela ta juya janareta, taransifoma ta ɗaga ƙarfin wutar a ɗora ta kan waya. Ruwan kuma ya fice ta ƙasa ya koma rafi.

Abu biyu ne ke yanke yawan wutar: yawan ruwan da ke wucewa, da tsayin da yake faɗowa. Lita 1,000 a kowace daƙiƙa, idan ta faɗo mita 10, tana ba da wajen kilowat 70 zuwa 80 bayan an cire abin da ke salwanta a bututu da inji. Lita 100 kacal, idan ta faɗo mita 100, ita ma abin da za ta bayar ke nan. Shi ya sa ɗan rafin da yaro zai tsallake a kan dutse yake iya yin aikin da sai babban kogi zai yi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Irin farfelar ma tsayin ne ke zaɓar ta: Pelton ga wuri mai tsayi sosai da ruwa kaɗan, Francis ga matsakaici, Kaplan ga ruwa mai yawa da gajeriyar faɗuwa.

Me ya sa aka fara wannan aiki a Filato?

Kuza ce ta jawo. Kamfanonin haƙar kuza na zamanin Turawa suna bukatar wuta don injinan tono da famfunan ruwa, kawo gawayin kwal daga Inugu kuwa tsada ne da wahala. Ga tudun Jos da tsayin da ya kai wajen mita 1,200, ga ruwan sama mai yawa daga Afrilu zuwa Oktoba, ga rafuka suna zubowa daga gefen dutse ta kowace fuska. A 1923 aka kafa tasha a Kwall, cikin ƙaramar hukumar Bassa ta yanzu, ta fara da kimanin megawat 2. A 1929 kamfanin lantarki na NESCO ya fara aiki da tashar Kurra da ke yankin Barikin Ladi, mai megawat 8, daga baya aka ƙara wasu irin su Jekko da Ankwil. Dattawan Bukuru har yanzu suna bambanta "wutar NESCO" da "wutar NEPA" idan suna hira.

Tashar Kurra ta girmi Kainji da kusan shekara 40, tunda Kainji sai 1968 aka kammala ta.

To madatsar da ta kusa shekara 100 ba ta zama haɗari ba?

Tsufa shi kaɗai ba ya karya madatsa. A Turai da Amurka akwai waɗanda suka haura ƙarni guda suna aiki. Hasali ma shekarun farko, musamman lokacin da aka fara cika tafkin, suna cikin lokutan da madatsa ta fi faɗuwa, domin a nan ne kuskuren gini yake bayyana. Abin da tsufa ke kawowa daban ne: ƙofofin ƙarfe suna tsatsa su ƙi buɗuwa, kankare yana tsagewa, laka tana cinye zurfin tafki, kuma mafitar rarar ruwa da aka auna da ruwan saman wancan zamani tana iya yin kaɗan ga na yau. Sannan akwai abin da ba a jikin madatsar yake ba. Inda a da jeji ne ko fadama, yanzu unguwa ce cike da gidaje. Madatsar ba ta sauya ba, amma abin da zai salwanta idan ta ɓalle ya ninka.

Don haka tambayar da ta fi amfani ita ce: wa ke duba ta, yaushe aka duba ta ƙarshe, kuma an gyara abin da aka gani?

Me ke sa madatsa ta ɓalle?

Yawancin ƙananan madatsu na ƙasa ne, wato jar ƙasa da yumɓu da aka daddaɓe hawa-hawa, aka jera duwatsu a fuskar da ke kallon ruwa. Irin waɗannan, manyan abokan gabarsu biyu ne.

Na farko, ruwa ya hau ta kansu. An gina kowace madatsa da mafitar rarar ruwa, wata faffaɗar hanya ta kankare ko ta dutse da ruwa ke bi idan tafki ya cika. Idan mafitar ta yi kaɗan, ko itatuwa da shara sun toshe ta, ko ƙofa ta cije, ruwan zai tsallake ta saman bangon. Madatsar kankare tana iya jure wannan na wani lokaci. Ta ƙasa kuwa, kamar katangar laka ce da aka bari ba indararo a watan Agusta: ruwan zai fara yanka ɗan kwari a bayanta, kwarin ya faɗaɗa, cikin 'yan sa'o'i bangon ya buɗe.

Na biyu ya fi ɓoyuwa, shi ne zaizayar ciki. Kowace madatsar ƙasa tana ɗan tsatsafo, wannan ba laifi ba ne, an ma yi mata magudanan tsakuwa da yashi don ruwan ya fita ba tare da ya ɗebi ƙasa ba. Matsala tana farawa ne idan ruwan ya sami wata hanya tasa, ya riƙa kwasar ƙasa kaɗan-kaɗan daga ciki har ya yi rami daga baya zuwa gaba. Saiwar bishiyar da ta mutu ta ruɓe tana barin irin wannan hanyar. Haka ramin gafiya da burgu, haka gidan gara. Gefen bututun da ya ratsa cikin bangon ma wuri ne da ake sa wa ido sosai. Wannan ne dalilin da ba a barin bishiya ta girma a jikin madatsa, komai daɗin inuwarta, kuma ake yanke ciyawa a kai a kai don a riƙa ganin ƙasar.

Sauran dalilai sun haɗa da raunin tushe, da zamewar gefen bango idan aka rage ruwan tafki da gaggawa, da aikin hannun mutane: ɗibar yashi a gindin madatsa, kwashe duwatsun da aka jera, sace ƙarafan ƙofa, da turbar shanu da ke zama kwari idan damina ta sauka.

Mun ga abin da hakan ke jawowa a ƙasar nan. Madatsar Bagauda a Kano ta ɓalle a watan Agustan 1988. Ta Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri. Babu ɗaya cikinsu da ta kama ƙafar Kainji a girma.

Ni da ba injiniya ba, wace alama zan iya ganewa?

Da yawa, kuma sau tari manomi ko makiyayi ko mai wanki shi ke riga kowa gani.

Ka tsaya a bayan madatsa, wato ɓangaren da ba ruwa, ka duba gindinta. Idan ka ga ruwa yana tsatsafowa, ɗebi kaɗan a farar gorar roba ka ɗaga ta sama. Idan garau yake, kuma yawansa bai sauya daga yadda aka saba gani ba, galibi tsatsafon yau da kullum ne. Idan ya fito ja ko da laka, ka ajiye gorar ka ga ƙasa ta kwanta a gindinta, to jikin madatsar ne ke fita, ruwa kuwa ba ya tsami banza. Haka idan ka ga wuri yana ɓulɓulowa da yashi ya taru a bakinsa kamar ɗan tsibi.

Sauran alamun: wani yanki na bangon da ciyawarsa ta yi kore shar a tsakiyar rani alhali ko'ina ya bushe, tsaga a saman madatsa, musamman wadda ta ratsa daga ɓangaren ruwa zuwa baya, wuri ya lotsa ko rami ya buɗe, ruwan tafki yana juyi a wuri ɗaya kusa da bango, ko tafkin yana raguwa ba a buɗe ƙofa ba. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya sanar da ma'aikatan tashar da mai unguwa nan take, ya ɗauki hoto da waya in da hali. Kada ya ce zai cusa buhu ko dutse a ramin da kansa.

Ambaliyar 2012 a Jos, madatsar wuta ce ta jawo ta?

A'a. A watan Yulin 2012, bayan ruwan sama mai ƙarfi, ambaliya ta afka wa Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, aka rasa rayuka fiye da 30 da gidaje masu yawa. Rahotannin lokacin sun danganta abin da tumbatsar madatsar Lamingo, wadda ta ruwan sha ce. Amma darasin ɗaya ne ga kowace iri: gidajen da suka fi shan wahala su ne na bakin rafi, waɗanda aka gina a kan hanyar ruwa. Tumbatsa kuma daban take da ɓallewa. Madatsa na iya tsayawa daram, mafitarta ta yi aikin da aka gina ta dominsa, amma ruwan da ya fita ya tarar an gina ɗakuna a inda ya saba bi.

Ƙaramar madatsa tana kare mu daga ambaliya?

Kaɗan ne, wani lokaci ma ko kaɗan. Da yawa daga ƙananan tashoshi ba su da tafkin kirki, ɗan shinge ne kawai da ke karkatar da ruwa zuwa bututu. Masu tafkin ma, idan ya cika a tsakiyar damina, duk abin da ya shigo ta sama shi zai fita ta ƙasa. Kada kowa ya sayi fili a fadama don an ce masa akwai madatsa a sama.

Akwai wuta a cikin ruwan da ya fito daga inji? Za a iya sha ko ban ruwa da shi?

Babu wuta a cikinsa. Ruwan farfela kawai yake taɓawa, wutar kuma a cikin janareta take samuwa, ba sa haɗuwa. Ba ya rasa wani amfani ga shuka, masu lambun kabeji da karas da dankalin Turawa za su iya ban ruwa da shi. Sha kuwa, ruwan rafi ne kamar kowane, sai an tafasa ko an tace.

Yara suna zuwa iyo a tafkin. Mene ne haɗarin?

A gaskiya nutsewa ta fi ɓallewar madatsa cin rayuka a shekara ta yau da kullum, sai dai ɗaya-ɗaya take ɗauka, shi ya sa ba a cika jin amonta ba. Mutanen Filato sun san wannan ciwon daga kududdufan kuza da aka bari ba a cike ba.

Wuri uku ne mafi muni. Na farko bakin bututu. Sama lumui take, amma a ƙasa ruwa yana ja da ƙarfi zuwa ragar ƙarfen da ke tace shara. Ka ga ma'aikaci tsaye a kan dakali da dogon manjagara yana janye rassa da ledoji da karan masara da suka manne a ragar, yana nishi kafin ya ɓamɓaro reshe guda. Ƙarfin da ya manne reshen nan shi zai manne mutum. Na biyu gindin ɗan shingen da ruwa ke zubowa ta kansa. Ko da tsayinsa bai wuce mita 1 ko 2 ba, ruwan da ya faɗo yana naɗewa ya dawo baya, ya riƙa juya duk abin da ya shiga, ga kumfa da ba ta ɗaukar jiki. Gwanayen iyo ma suna halaka a nan, har da waɗanda suka faɗa don ceto. Wanda zai taimaka ya tsaya a gaɓa ya miƙa gora ko igiya, ko ya jefa jarka mai murfi. Na uku ƙasan tashar. Rafin da ake wanki a cikinsa da ruwa iya idon sawu zai iya tasowa cikin mintuna idan aka tayar da inji ko aka buɗe ƙofa, ko da ba hadari a sama.

Ga kuma sanyin ruwan tudu, musamman a hunturu, wanda ke ɗaure gaɓoɓi da wuri. Sai tsargiya, wadda ake kamuwa da ita ta hanyar shiga ruwan da ke kwance mai dodon koɗi. Yaron da ke fitsarin jini a kai shi asibiti, maganinta yana nan kuma ba shi da wuya.

Me ya sa wutar ke raguwa da rani?

Saboda ruwan ne ke raguwa. Daga Nuwamba zuwa Maris rafukan tudu suna ƙanƙancewa, tashar da ba ta da tafki sai ta koma inji ɗaya ko ta tsaya. Mai tafki tana cin ajiyarta ne a hankali. Laka tana ƙara dagula lissafin: noma har bakin rafi, sare itatuwa, da wankin kuza a sama duk suna turo ƙasa cikin tafki, wurin ajiyar ruwa ya ragu shekara bayan shekara. Yashin da ya kuɓuce ya shiga bututu kuma yana cin farfela. A nan ne haɗa tashar ruwa da faifan sola yake da ma'ana, tunda lokacin da ruwa ya ja baya shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi.

Idan aka ce ruwa na zuwa, me zan yi?

Ka hau tudu, kada ka bi gefen rafi kana gudu gaba da ruwa. Ka fara da yara da tsofaffi da marasa lafiya. Ka kashe wutar gida idan makashin yana kusa kuma ƙafarka ba ta cikin ruwa. Kada ka koma ɗaukar kaya. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babba, santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, don haka direba ko mai Keke da ya ga ruwa ya shafe gada ya juya kawai. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Amma shirin da ya fi aiki tun rani ake yin sa. Unguwar da ke ƙasan madatsa ta san tudun da za a taru, da hanyar da ba ta ratsa rafi, da wanda zai yi shela a lasifikar masallaci da na coci idan abu ya faru cikin dare. Takardun gida da na makaranta a haɗa su a leda ɗaya. Mai unguwa kuma ya kasance yana da lambar wani ma'aikaci a tashar, shi ma ma'aikacin yana da tasa.

Alhakin wa ne kula da madatsa?

Na mai ita ne da farko, kamfani ne ko gwamnati. Shi zai ajiye mai duba ta kullum, ya rubuta tsayin ruwa da yawan tsatsafo, ya gwada ƙofofi kafin damina, ya kawo injiniyoyi daga waje su yi cikakken bincike lokaci-lokaci, ya kafa alluna da shinge da jiniya. A sama da shi akwai Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta tarayya da hukumomin raya kogunanta. Ɓangaren wuta yana hannun NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar lantarki ta ƙasa, kuma Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa nasu hukumomin. NIHSA, hukumar da ke lura da ruwan koguna, tana fitar da hasashen ambaliya duk shekara, hukumar agajin gaggawa ta NEMA da takwararta ta jiha suna kai ɗauki.

A ganina inda aka fi rauni shi ne tsakanin mai madatsa da maƙwabtansa. Ana iya samun rahoto mai kyau a cikin durowar ofis alhali matar da ke wanki a ƙasan tashar ba ta san ma'anar jiniya ba.

Ƙauyenmu yana da rafi mai gangara. Za mu iya yin tamu?

Mai yiwuwa ne, kuma an yi a wasu wurare. A tsaunin Mambila akwai ƙaramar tasha ta kilowat 400 a madatsar Tunga da ke ba masana'antar shayi ta Kakara wuta, UNIDO kuma, hukumar raya masana'antu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tana da cibiyar ƙananan tashoshin ruwa a Abuja. Matakin farko shi ne awo. A auna ruwan rafin a ƙarshen rani, wajen Maris, domin abin da ya rage a lokacin shi ne wutar da za a dogara da ita, sannan a auna tsayin gangarar. A binciki mafi girman ambaliyar da dattawa suka taɓa gani, su nuna inda ruwa ya kai a jikin dutse, a gina ɗakin inji sama da nan.

Kuɗin gini yana da nauyi a farko, amma babu sayen dizal, kuma injin da ake kula da shi yana shekaru da dama. Tashar da ba ta wuce megawat 1 ba tana shiga ƙarƙashin ƙa'idojin ƙananan layukan wuta, waɗanda suka fi cikakken lasisi sauƙi. Shawarata ga ƙauye ita ce a guji tara ruwa mai yawa a bayan bangon ƙasa da aka yi da aikin gayya ba tare da injiniya ba. Ɗan shingen kankare da ke karkatar da ruwa ya wadatar a wuri mai gangara, kuma ko ya lalace ba shi da tafkin da zai saki a kan mutane.

Za mu rasa gonaki ko ruwan ban ruwa idan aka gina?

Ya danganta da irin tashar. Mai karkatar da ruwa ba ta cin fili sosai, amma tsakanin inda aka ɗebi ruwan da inda aka mayar da shi rafin yana raguwa, wani lokaci tsawon kilomita ko fiye. Masu lambu da masu shayar da dabbobi a wannan tsakanin su ne abin ya fi shafa. Mai tafki kuwa tana shanye fadama, wadda ita ce gona mafi daraja.

Kafin a sa hannu a kan komai, jama'a su nemi a nuna musu rahoton tasirin aikin ga muhalli, wanda dokar 1992 ta tanada ga manyan ayyuka irin na madatsu. A rubuta yawan ruwan da za a bari yana gudana a rafi ko da rani ya tsananta. A rubuta diyyar amfanin gona da itatuwa da gine-gine, da mashayar shanu da hanyar zuwa gare ta, da ko ƙauyen zai sami wutar da kuma farashinta. A kafa turaku a ƙasa da ke nuna iyakar da ruwa zai kai idan tafki ya cika, kowa ya gani da idonsa, kuma kwafin yarjejeniyar ya kasance a hannun dagaci da shugabannin manoma da na makiyaya.